Jinkar Birnin Ƙarƙashin Fadama

Abin da zan ba ku labari ya faru ne da samari huɗu na ƙauyen Tungar Maje, a shekarar da gobara ta lashe rufin ɗakunan rabin garin ana dab da saukar damina.

Shucin da ke kusa duk an yanke shi tun da kaka. Tsofaffi da masu jego suna zaune cikin ɗakuna buɗe, rana na dukansu, ga hadari ya fara leƙowa daga gabas. Sai Nomau, sarkin samarin garin, ya ɗauki laujensa ya ce zai tsallaka bayan duwatsu ya nemo shuci. Mutum uku suka bi shi. Akwai Korau, ƙato mai saurin fushi, wanda tun ranar da aka naɗa Nomau yake ganin shi aka yi wa ƙwace. Akwai ƙanensa Mantau, mai sanyin hali. Sai Cindo mai yatsa shida, wanda bakinsa ba ya hutawa.

Suka yi ta tafiya har suka wuce inda mafarauta suke juyawa. Can suka faɗo wata fadama shimfiɗeɗɗiya, cike da shucin da ba su taɓa ganin irinsa ba, dogo ya fi mutum, ja kamar an shafa masa man ja.

Cindo ya ce, "Kai! Wannan ko ɗakin amaryar sarki aka rufa da shi sai ta yi guɗa da kanta."

Mantau ya riƙe hannun Nomau ya nuna masa bakin fadamar. "Sarki, duba. An ƙulla."

A ƙasarsu, idan mutum ya ga shuci ya kama kan 'yan tsiraru ya ƙulle, to wurin ya zama nasa, ko ɓarawo ba ya sa lauje. Ga ƙulli nan kuwa a kowace kusurwa, an yi shi da kyau har ba a ganin bakinsa.

Korau ya yi tsaki. "Wa zai zo nan ya yi ƙulli? Iska ce ta murɗe shi. Amma in sarkinmu tsoro yake ji, ya zauna ya tsare mana goran ruwa."

Nomau ya dubi ƙullin, ya dubi gabas, ya tuna da mutanen da suka bari. Ya ce, "Mu yanka. In mai shi ya zo, ni zan ba shi haƙuri."

Suka rabu kamar yadda suka saba, kowa ya kama gefe guda, suna yanka suna matsowa tsakiya. Daidai lokacin da laujunansu suka haɗu a kan tsiro na ƙarshe, ƙasa ta yi ƙara kamar an tsaga sabon ƙyalle. Ta rufta da su, da su da dammunan shucinsu gaba ɗaya.

Suka faɗo a tsakiyar wata kasuwa. Birni ne babba, gidajensa na jan dutse, hanyoyinsa na toka mai ɗumi. Samansa ba gajimare, saiwoyin ciyawa ne suka sarƙe suka zama rufi. A tsakiyar rufin ga wani ƙaton rami da hasken duniya ke zubowa ta ciki, faɗin wurin da suka yanke. Mutanen birnin suna gudu suna kururuwa, suna tura 'ya'yansu ƙarƙashin rumfuna. Dogaye ne sirara, idanunsu kamar garwashi, duk inda suka taka sai hayaƙi ya tashi.

Taron ya dare, wata tsohuwa ta fito. Gashinta fari yana jan ƙasa, kuyangi suna riƙe da shi a bayanta. Ita ce Magajiyar birnin.

Ta ce, "Ya ku 'ya'yan Adamu, wa ya aske mana rufi? Ba ku ga ƙulli ba ne, ko kuwa a ƙasarku ƙulli ya daina magana?"

Nomau ya durƙusa. "Ranki ya daɗe, mun gani. Ni na ce a yanka. Gobara ce ta bar iyayenmu a fili."

"Sai ku kuma kuka bar 'ya'yanmu a fili. Ku sani, daga wuta aka halicce mu. Ɗigon ruwan samanku ɗaya in ya sauka a kan jaririnmu, ya mutu kamar yadda garwashi ke mutuwa. Ga hadari can yana haɗuwa. Kafin ya zuba, ku rufe abin da kuka buɗe."

"Za mu rufe, ranki ya daɗe. Shuci ga shi. Sai dai muna bukatar gora ta yin tsaikon jinka da kabar igiya."

"Suna hayin Kogin Toka. Ku je ku ɗebo. Amma ba na sakin tsuntsu huɗu in zauna ina jiran su dawo."

Ta miƙa yatsa ta nuna Mantau. Nan take ƙafafunsa suka nutse cikin ƙasa, tafinsa ya bushe ya zama itace, ɓawo ya fara hawa idon sawunsa.

"Yaya!" in ji Mantau. "Yaya, ba na jin ƙafata!"

Korau ya zaro lauje ya yi kan tsohuwar. Ko motsi ba ta yi ba, laujen ya narke a hannunsa ya ɗiga ƙasa.

Ta ce, "Itacen zai riƙa hawa. In jinka ta rufe ramin kafin ruwa, ya koma mutum. In ba haka ba, mun sami dirkar da za mu tokare rumfa da ita har abada."

Suka fita da gudu ta ƙofar yamma. Suna barin ganuwa, Korau ya shaƙo wuyan rigar Nomau.

"Kai ka kashe mini ƙane! Daga yau ba ka da bakin ba ni umarni."

Cindo ya shiga tsakaninsu. "Wa ya ce iska ce ta murɗe ƙulli? Ni dai ba kurma ba ne. Ku ajiye damben nan sai mun koma gida, ni zan yi muku kiɗa."

Suka iso Kogin Toka. Ba ruwa a cikinsa, toka ce mai zafi take malala kamar kunu, tana huci. A bakin gaɓa wani aljani yana tsaye da ƙafa ɗaya kamar zalɓe, kusa da shi ga wani masaki da zai ci mutum biyar.

Ya ce, "Masu sauri, ku shiga. Amma masakina kai ɗaya yake bi. Wane ne babbanku?"

"Ni ne," in ji Nomau.

"Ni ne," in ji Korau.

Masakin ya fara juyawa da su kamar an kaɗa shi da muciya. Toka ta fantsamo ta ƙone wa Cindo kunne, gefen masakin ya soma tsagewa.

Aljanin ya sake tambaya, murya a kwance, "Wane ne babbanku?"

Nomau ya dubi tsagar tana ƙara buɗewa. Ya ce, "Korau ne babbanmu. Shi muke bi."

Masakin ya tsaya cak.

Aljanin ya ce, "Madalla. To, babba, ba ni da filafili. Hannun babba shi ke tuƙi a nan."

Korau ya dubi tokar, ya dubi hannunsa. Ya cije leɓe ya tsoma. Ihun da ya yi sai da ya tada tsuntsaye a hayi. Ya ja sau ɗaya, ya ja sau biyu, masakin yana karkata gefe guda domin hannu ɗaya ke tuƙi. Ba wanda ya ce wa Nomau komai, ya naɗe hannun riga ya tsoma nasa ta ɗaya gefen. Cindo ya cire hularsa yana kwashe tokar da ke shigowa ta tsagar, yana kuka yana zagin kakannin duk wanda ya ƙirƙiro kogi irin wannan. Haka suka tsallaka, hannuwan mutum biyu sun saluɓe.

A hayin suka tarar da goruba masu tafiya, suna yawo a fili kamar shanu. Da mutum ya matso sai su kaɗa kabarsu ta tsaga masa fata. Korau ya ce kowa ya kama tasa. Suka watsu, kowa ya dawo jina-jina hannu wofi.

Nomau ya ce a hankali, "Babba, in ka yarda, mu taru kan guda ɗaya. Kai ka rungume gindinta, ka fi mu ƙarfi. Ni in hau, Cindo ya tara."

Korau bai dube shi ba, ya ce, "A yi hakan."

Da haka suka kama su ɗaya bayan ɗaya. Suka zauna suka tsage kabar, suka tufka igiya a cinyoyinsu, jini yana bin igiyar. Can nesa, ta saman rufin ƙasar, suka ji tsawa ta farko.

Dajin gora yana gaba. Suna shiga hanya ta rufe a bayansu, gora ta tsiro inda suka taka. Suka fara sara da laujuna biyun da suka rage. Sai muryoyi suka taso daga cikin gorar. Cindo ya ji mahaifiyarsa tana kiransa ya zo ya ci tuwo. Nomau ya ji kukan 'yarsa. Korau kuwa muryar Mantau ya ji, tana cewa, "Yaya, ga ni nan, na kuɓuta, zo ka ɗauke ni!"

Korau ya yar da lauje ya zabura. Nomau ya yi tsalle ya kama ƙafarsa, suka faɗi tare.

"Sake ni! Ƙanena ne!"

"Ƙanenka yana kasuwa a dashe! Cindo, igiya!"

Cindo ya ɗaure ƙugun Korau, ya ɗaure na Nomau, ya ɗaure nasa, ya ce, "To, duk wanda zai je cin tuwon aljannu sai ya ja mu mu ci tare."

Korau ya ja su a ƙasa kamar sa ya ja garma, har ya kai inda muryar take. Ba kowa a wurin sai wani rami mai baki kamar na rijiya, ƙasusuwa zube a gefensa. Muryar tana fitowa daga ciki, tana dariya yanzu.

Korau ya daɗe a durƙushe. Da ya ɗago, ya ce, "Nomau, karɓi sarautarka. Ni in na ji muryarsa ba na ganin gabana. Faɗi abin da za a yi."

Nomau ya ce, "Ku tsinke ganye ku toshe kunnuwa. Wanda zai yi magana ya ja igiya."

Suka sare gorar da suke bukata, suka ɗaure ta, suka jawo. A bakin kogi aljani mai ƙafa ɗaya ya dube su ɗaure da igiya guda, bai yi tambaya ba. Ya ɗora gorar a kan tokar ta zama gada, suka bi ta kai da gudu, suka janye ta a bayansu.

Da suka shigo kasuwa, hasken da ke zubowa ta ramin ya koma baƙi-baƙi. Itace ya kai wa Mantau ƙirji. Hannuwansa sun miƙe sama sun zama rassa biyu, numfashi yake da ƙyar.

Ya ce, "Yaya, in ban fita ba, ka ce wa Inna ban ji zafi ba."

"Rufe mini baki," in ji Korau, hawaye na zuba. "Kai za ka gaya mata ƙaryarka da kanka."

Nomau ya raba aiki. A Tungar Maje ba a hawa sama a yi jinka, a ƙasa ake gama ta sannan a ɗauka a ɗora. Shi ya auna faɗin ramin da ido ya kafa tsaiko. Korau yana lanƙwasa gora yana ɗaurewa da hannunsa mai ciwo, in hannu ya gaza ya ja da haƙori. Cindo ya zauna yin yanta, wato jera shuci a ƙulle shi da igiya ya zama doguwar shimfiɗa. Wasa ya bar bakinsa. Yatsunsa shida suna shiga suna fita, yana matse kowane ƙulli har igiya na kuka, domin ya san ɗigo ɗaya in ya ratsa, ran Mantau ne. Suka naɗa yantar a jikin tsaiko, zagaye bisa zagaye, har Cindo ya hau ya ɗaure tukkun sama.

Iska mai sanyi ta busa ta ramin. Jariran aljannu suka fashe da kuka. Itace ya kai wa Mantau haɓa.

Nomau ya ce, "Ranki ya daɗe, jinka ta gamu. Amma mu uku ba za mu iya ɗaga ta ba, ga nisan sama. A garinmu, in aka zo ɗaukar jinka, gayya ake kira, masu gida ma sai sun sa hannu."

Magajiya ta ce, "Jama'ata za su miƙe su kai ta. Ku ɗauki ɗan'uwanku ku hau bisanta. Wanda ke sama zai tsinci kansa a duniyarku. In ba ta yi yoyo ba, ruwan farko zai wanke masa itacen."

Ta taɓa ƙasa, Korau ya tumɓuke Mantau kamar rogo, ya saɓa shi a kafaɗa. Su huɗu suka hau jinkar. Aljannu suka kewaye ta, kowa ya kama inda ya ga dama. Wannan ya miƙe ya yi tsawon rimi, wancan bai ko sunkuya ba, wani ya ja gabas, wani ya ja yamma. Jinkar ta karkace, tsaiko ya yi ƙara, Mantau ya gangara sai da Cindo ya cafke reshensa. Suka sake ta ta faɗo ƙasa.

Magajiya ta ce, "Kowannenmu shi kaɗai yake aikinsa tun da aka halicce mu. Ba mu san ɗauka tare ba."

Nomau ya ce, "Sai an sami mai kira. Mutum guda ya tsaya a ƙarƙashi, a tsakiya, yana ganin kowane gefe, yana ba da murya."

"To ka ji sharaɗin gidan nan, ɗan Adamu. Duk wanda rufi ya rufe da shi a ciki, namu ne. Ba zai fita ba sai ranar da jinkar nan ta tsufa aka buɗe don a sake ta."

Ɗigo na farko ya faɗo ta ramin, ya sauka a kan toka ya yi cuu. Aljannu suka ja da baya suna ihu.

Korau ya ajiye ƙanensa. "Ni zan sauka. Ni na ce iska ce."

"Kai wa zai saurare ka, da muryar nan taka kamar ana faɗa?" in ji Nomau. "Kuma wa zai ɗauki Mantau har gida? Cindo?"

Cindo ya ce, "Sarki, kana da 'ya."

"Na sani. Ku riƙe mini ita." Ya kwance igiyar ƙugunsa ya miƙa wa Korau. "Ka tara samari ku nemi shuci ta kudu. Kada ka riƙa yi musu tsawa, ka ji? In ka rasa dabara ka tambayi mutanenka."

Ya diro, ya shige ƙarƙashin jinkar. Suka ji muryarsa daga ciki, irin wadda yake yi a gonar gayya.

"Jama'ar gida, kowa ya sunkuya! Kai na gabas, matso hagu. Baba mai jan ido, kai nake nufi! Ba wanda zai ɗaga sai na ce. Hannu a ƙasa. Bismillahi, mu tashi!"

Jinkar ta tashi daidai, kamar faifai a hannun mace. Ta yi ta hawa. Suna jin shi yana cewa, "Yamma ku dakata. Kudu ku ƙara. Haka! Haka, 'yan albarka!" Muryar tana ƙara nisa. Sai ga iska a fuskarsu, ga sararin duniya baƙi ƙirin da hadari. Bakin jinkar ya zauna a bakin ramin, ƙasa ta kama shi ta haɗe.

Ruwa ya ɓarke kamar da bakin ƙwarya. Korau ya rungume itacen da ke hannunsa yana kiran sunan ƙanensa. Ɓawon ya jiƙe, ya tsage, ya fara zubewa. Rassa suka sauko suka zama hannuwa. Mantau ya ja dogon numfashi ya yi tari.

Cindo ya kwanta ya manna kunne a kan shucin. Can ƙasa ya ji Nomau yana cewa, "Ba yoyo! Ku gaya musu ba yoyo!" Daga nan bai ƙara jin komai ba sai ruwa.

Suka tona gefen jinkar da hannu har farcensu ya fita. Ƙasa ce kawai, ƙasa bisa ƙasa.

Da suka isa Tungar Maje, Korau yana goye da Mantau, ba su biya gidan kowa ba sai gidan su Nomau. Mahaifiyarsa, Iya Tabawa, tana tsaye a ƙofar ɗakinta marar rufi, 'yar Nomau tana riƙe da zanenta. Ta dube su, ta leƙa bayansu. Korau ya durƙusa cikin taɓo ya gaya mata komai, bai rage nasa laifin ba.

Ta saurara har ya gama. Sannan ta ce, "Yana da rai ke nan."

"Yana da rai, Iya."

"Yaushe za su sake shi?"

"Sai jinkar ta tsufa ta fara yoyo."

Ta ce, "Wa ya yi yantar?"

Cindo ya sunkuyar da kai, ya ɓoye hannunsa a bayansa. "Ni ne, Iya. Kuma ban taɓa matse wata kamarta ba."

Iya Tabawa ta zauna a bakin ƙofa, ta jawo jikarta ta ɗora a cinya.

Ta ce, "Ashe ba zai dawo ba sai yarinyar nan ta yi wayo."